Bikin Samari Na Nijar Da Horon 'Yan Wasan Kwaikwayo A Ƙasar Gobir

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Burkusuma, ko Sabon Birni, ko Isa, ya san ba a rasa yara masu baiwar kwaikwayo a ƙasar nan. Da azumi ya yi kwana goma sai a ga yaro ya liƙa gemun auduga, ya ranƙwafa, ya ɗauki sanda, har mutum ya rantse tsoho ne. Wannan tashe ke nan. Akwai kuma kalankuwa, inda samari bayan kaka su kan naɗa wa junansu sarauta, wannan sarki, wancan alƙali, su yi zaman fada da shari'a mutane na dariya. A gidajen sarauta kuwa mata su ne da wasan gauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa. To, ina yaran nan su ke shiga in sun girma? Galibi da yaro ya fara gemu na gaske sai ya ji kunya ya bari, baiwar ta mutu, domin babu wurin da zai kai ta a gyara masa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun taɓa samun hanyar da ta magance wannan, ga shi kuwa ba nisa. Gobir ɗaya ce. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a farkon ƙarni na 20, Tibiri ta faɗa wancan gefe kusa da Maraɗi, Sabon Birni ta tsaya a wannan. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya.

Sa'ad da Saini Kunce ya karɓi mulkin Nijar cikin watan Afrilu na 1974, sai gwamnatinsa ta raya ƙungiyoyin Samariya, watau tsohon tsarin nan na sarkin samari da muka sani, ta mai da shi abin hukuma a kowane gari da unguwa. Daga nan aka kafa babban bikin matasa na ƙasa duka, wanda aka fara a Damagaram cikin 1976, sa'an nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan lardunan ƙasar. Ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Amma fa mai kallo a ranar biki bai ga komai ba tukuna, domin ainihin aikin yana can baya. Kafin ƙungiya ta hau dandalin ƙasa sai ta yi nasara a gundumarta, sa'an nan a lardinta. Watau saboda wasa na dare ɗaya, samari a garuruwa barkatai sun yi watanni suna taruwa suna gwaji. Wanda aka kayar bana ya koma gida ya san inda ya gaza, ya shirya wa baɗi. Ta haka bikin ya zama makaranta ba tare da an gina aji ko ɗaya ba.

Akwai abu biyu a cikin sha'anin da ya kamata malamai da ma'aikatan ofis su lura da su. Na fari, da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ƙungiyoyin nan irinmu ne, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, su tashi aiki su tafi gwaji. Yazi Dogo, wanda sunansa ya cika ƙasar Hausa ta rediyo da talabijin tare da ƙungiyarsa ta Damagaram, malamin makaranta ne. Na biyu, ba su dogara ga rubutaccen wasa da za a haddace ba. A kan zauna a ƙulla zaren labari, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowa ya kawo maganarsa daga bakinsa, a yi ta maimaitawa har ta zauna. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta bi su ta rubuta littafi a kan wannan cikin 1987. Amfanin hanyar nan gare mu a fili ya ke: yaron da bai iya karatun boko ba, ko almajiri, ko ɗan kasuwa, ba a bar shi a baya ba. Sau da yawa ma shi ya fi ɗan makaranta iya sarrafa magana, don bai saba da tsoron kuskure ba.

Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Biki ne na gwamnatin soja, ita ke gayya ita ke ba da kyauta, saboda haka wasanni da dama suka karkata ga wa'azin abin da hukuma ke so a ji: haɗin kan ƙasa, aikin gayya, illar gudu birni. Wa'azi ba laifi ba ne, amma in ya yi yawa sai ɗan wasa ya zama sanƙira, mai kallo ya san ƙarshen labari tun daga farko. Kuma abin da ya rataya ga mutum ɗaya ba ya daɗewa bayansa. Kunce ya rasu cikin 1987, da aka shiga sauyin siyasa na 1991 sai Samariya ta yi sanyi.

A namu gefen ba a fara daga sifiri ba. Malam Aminu Kano ya tsara wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, daga baya kuma ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, 1949 zuwa 1950. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsabta, aka buga cikin 1949, makarantun En'e suka yi ta yinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo cikin 1975, ɗalibanta suna fita Samaru da ƙauyukan kewaye su ƙulla wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Abin da ba mu yi ba shi ne haɗa waɗannan da matakala wadda yaron ƙauye zai taka. Wasan makarantarmu na ranar rabon kyauta ne kawai: a yi gwaji mako biyu, babban baƙo ya tafa, a tattara riguna a sa a akwati sai wata shekara.

Shawarata ita ce kowace ƙaramar hukuma ta wannan yanki ta tsai da biki sau ɗaya a shekara, bayan kaka, kuma bikin ya zama yana da tsayayyar ƙungiya ta koyo, wadda ba ta watsewa in an tashi. A zaɓi samari da 'yan mata daga waɗanda suka nuna ƙwazo a gasar garuruwa, kada su yi yawan da malami ɗaya ba zai iya lura da kowa ba. Sabon shiga ya fara da ƙaramin matsayi, dogari ko ɗan aike, ya koyi shiga da fita, da jefa murya har ta kai na bayan fili ba tare da ihu ba, da daina juya wa jama'a baya. Abu mafi wuya, wanda na ga yana ka da masu baiwa, shi ne sauraro: yaro mai ban dariya ba ya son ya yi shiru ɗan'uwansa ya gama. Sai ya iya wannan za a ba shi babban matsayi. Wanda ya shekara biyu kuwa, sharaɗinsa ya koma garinsu ya shirya ƙanana. Game da 'yan mata, lalle sai da yardar iyaye, da malama mace a wurin gwaji, a kuma yi shi da rana. In ba haka ba sai a koma ɗaura wa namiji ɗankwali, mu kuwa mun wuce nan.

Na san wani zai ce, ana zaman ɗar-ɗar a gabashin Sakkwato, wa ke ta wasa? Gaskiya ne. Tun daga 2019 dubban mutanen iyakar nan sun ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi saboda 'yan bindiga, kuma yaran garuruwa da dama sun yi asarar karatu. Amma saurayin da ba ya makaranta, gona kuma ta gagara, dole wani ya cika masa yininsa, mun kuwa san masu jiran su cika shi. Ƙungiyar wasa ba ta bukatar fita da dare ko doguwar tafiya. Farfajiyar makarantar firamare da la'asar ta isa, kayan wasa kuwa tsohuwar riga ce da rawani na aro. Abin da za a nema daga ofis shi ne a sa bikin cikin ƙiyasin kuɗi na shekara, don kada ya dogara ga alherin wani mai muƙami, a kuma rubuta sa'o'in gwaji cikin aikin malamin da ya ɗauki nauyin ƙungiyar, kamar yadda a ke rubuta wa malamin ƙwallo.