Zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: ko alkama ce sanadi?

Duk relen da ya daɗe yana zagaya gidaje a Arlit da Akokan ya san irin wannan yaro. An yaye shi lafiya, ya fara cin abincin gida, sai zawo ya kama shi. Aka kai shi CSI, aka ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayoyin zinki, aka ba shi maganin tsutsa, ya ɗan ji sauƙi, bayan kwana kaɗan ciwo ya dawo. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, ƙafafu sun zama sili-sili, ɗuwawu sun motse. Awon dantse ya nuna ja, aka sa shi cikin shirin tamowa, ya yi ƙiba da Plumpy'Nut, aka sallame shi. Wata biyu da komawarsa kan burodi da makaroni, ga shi ya sake ramewa.

A garin da aka kafa saboda haƙar uraniyom, inda SOMAÏR ta fara haƙa a 1971, COMINAK kuma ta yi aiki har zuwa rufe ta a watan Maris na 2021, ba abin mamaki ba ne uwa ta fara zargin ƙura ko ruwa. Ta faɗa wa likita wannan damuwa, domin tana da haƙƙin a saurare ta. Sai dai akwai wata cuta da ba a cika tunawa da ita ba, wadda ba ruwanta da ƙura ko ma'adini. Sunanta siliyak. A takardun likita da Faransanci ana rubuta ta maladie cœliaque.

Yadda cutar take

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai suna gulutan. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, burodi ya tashi. Ga mafi yawan mutane abinci ne kawai. Amma wasu sun gaji wani hali a jininsu, wanda ke sa garkuwar jikinsu ta ɗauki gulutan a matsayin abokin gaba. Duk lokacin da suka ci shi, sai jiki ya tashi faɗa, faɗan kuwa a kan ƙaramin hanji yake ƙarewa.

Cikin ƙaramin hanjin mai lafiya a lulluɓe yake da ƴan tsirarruka masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Cutar siliyak tana cinye su har hanji ya zama sumul. To tawul ɗin da gashinsa ya ƙare ba ya shan ruwa. Yaro yana ci, uwa tana iyakar ƙoƙarinta, amma abincin wucewa yake yi. Shi ya sa bai dace a ɗora wa irin wannan uwa laifin sakaci ba, kuma rele shi ne ya kamata ya fara kare ta daga maganganun dangi.

Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma nonon uwa ke kawo ta ba. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita, da yawansu ba su sani ba. Idan an tabbatar da ita ga mutum guda, iyayensa da ƴaƴansa da waɗanda suke ciki ɗaya da shi sun fi kowa kusa da ita, wajen 1 cikin 10.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa, tun da wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya bayyana alaƙarta da alkama a 1950. Hamadar Sahara ce ta rushe wannan zato. A 1999 likita Carlo Catassi na Italiya da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara 989 na al'ummar Sahrawi, waɗanda ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya. Suka sami alamar cutar a jinin kashi 5.6 cikin ɗari, wato kusan yaro 1 cikin 18, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Mutanen nan makiyaya ne da suka saba da nonon raƙumi da nama. Bayan hijirar 1975, garin alkama na agaji ya zama babban abincinsu.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Arlit ba garin noma ba ne, abin da mota ta kawo shi ake ci. Makaroni da kuskus da fulawa masu shigowa daga Aljeriya ta hanyar Asamaka sun daɗe da zama abincin yau da kullum a gidaje da yawa, ga burodin safe, ga tagalar da ake gasawa da garin alkama. Yaron da zai tashi a ƙauyen Maraɗi kan fura da tuwon gero, a nan yana iya cin alkama safe da rana da dare.

Alamu, da abin da ya fi su yawa

Ga ƙaramin yaro, alamun sukan bayyana bayan ya fara cin abinci mai alkama: zawo mai daɗewa, kashi mai yawa, mai maiƙo da wari ƙwarai, kumburin ciki, rashin son abinci, yawan rigima, da tsayawar girma. Wani kuma ba zawo yake yi ba, taurin ciki ne. Ga manyan yara da mata, cutar takan ɓuya: ƙarancin jini da ya ƙi jin ƙwayoyin ƙarin jini, gajiya marar dalili, gyambon baki mai dawowa, ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, jinkirin balaga, wani lokaci har da yawan ɓarin ciki.

A nan sai a yi hattara. Tsutsar ciki, da ƙwayoyin cuta masu shiga ta gurɓataccen ruwa, da tamowa ita kanta, da tarin fuka, da cutar sida, duk suna iya kawo waɗannan alamu, kuma su ne likita zai fara nema. Ana kawo siliyak a rai idan an yi maganin waɗannan yadda ya kamata amma ciwo na dawowa, musamman idan yaro yana samun sauƙi a shirin tamowa, yana komawa baya a gida. Plumpy'Nut dai gyaɗa ce da madara da mai da sukari, babu alkama a ciki.

Akwai alamun da ba a tsayawa tunani a kansu. Yaron da ya ƙi shan nono, ko yake amayar da komai, ko ake ganin jini a kashinsa, ko idanunsa suka faɗa, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko awon dantsensa ya nuna ja, a kai shi likita a ranar. Haka kuma duk zawon da ya kai kwana 14.

Kada a daina alkama kafin gwaji

Wannan ita ce maganar da muka fi so ƴan rele su riƙe. Ana gane cutar ne ta gwajin jini, sau da yawa kuma a tabbatar ta hanyar zura siririyar roba mai kyamara ta baki a ɗebo ɗan ƙanƙanin sashe na hanji. Idan an riga an cire alkama daga abinci, jini yana iya nuna lafiya ƙalau alhali cutar na nan. Saboda haka a bar abinci yadda yake har likita ya yanke shawara, shi ne kuma zai faɗi inda za a tura yaron, Agadas ko Yamai.

Abin da rele zai taimaka da shi kafin nan ba ƙarami ba ne. Ya zauna da uwa su tuna lokacin da ciwon ya fara, da abin da yaron ya soma ci a lokacin, da magungunan da aka sha, da ko akwai mai irin ciwon a dangi. A tafi da katin awon nauyi, domin layin girman yaro yakan faɗi abin da baki ya manta.

Idan an tabbatar

Babu allura, babu ƙwaya. Maganin shi ne barin alkama da sha'ir gaba ɗaya, har tsawon rai. Da an bari, zawo yakan lafa cikin ƴan makonni, hanji ya warke a hankali, yaro ya kama girma.

Abin farin ciki, abincinmu na gado duk ya halatta gare shi: gero, dawa, masara, shinkafa, wake, gyaɗa, rogo, dankali, zogale, nama, ƙwai, nono, cuku da dabino. Abin da zai bari shi ne burodi, taliya, makaroni, kuskus na alkama, fanke, alkaki, biskit da tagalar fulawa. Wahalar tana wajen alkamar da ba a gani. Ɗanwake da masa wasu na zuba masu fulawa. Injin niƙan da ya niƙa alkama yana barin saura a garin geron da ya biyo baya. Man da aka soya fanke a ciki bai dace da ƙosan wannan yaro ba. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya ma suna da alkama, sai an karanta jikin takardar, inda za a nemi kalmar blé ko gluten. A wajen rabon abinci kuma uwa ta sanar da ma'aikata, domin garin kunu iri biyu ne, akwai na masara da waken soya, akwai na alkama da waken soya, biskit na agajin gaggawa kuwa galibi da alkama ake yin sa.

Jariri dai nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2. Ba a hana sauran yaran gida burodi don tsoro, sai dai a gaya wa likita a duba su idan an sami cutar ga ɗan'uwansu.