LAYUKAN DA KE FITOWA A KAN FARCE: SHAFA MAI KO ZUWA ASIBITI?



Ku duba faratan hannunku a cikin haske. Wanda ya ga wasu siraran layuka sun taso daga gindin farce sun miƙe har bakinsa, in ya shafa ya ji ɗan gurji-gurji, kada hankalinsa ya tashi. A wajen mafi yawan mutane shekaru ne da bushewa suke kawo su.

Farce yana tsirowa ne daga wani tushe da ke ɓoye a ƙarƙashin fatar gindinsa. Da sinadarin keratin aka yi shi, irin wanda ke cikin gashi, don haka maganar da ake yawan yi cewa "ai rashin kalsiyam ne" ba ta da ƙarfi. Idan shekaru suka fara ja, tushen nan ba ya fitar da farce sumul irin na yaro, kamar dai yadda fuska ke fara tamoji. Bushewa kuma sai ta ƙara fito da layukan. Uwargidan da hannunta ke cikin omo daga wanki zuwa wanke-wanke, farcenta yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kullum haka, har ya fara tsagewa. In hunturu ya kama kuwa ba a magana.

Babban kuskuren da ake yi shi ne kankara. Mutum ya miƙa wa mai yankan farce hannu ya ce a kankare masa har ya yi santsi. Zai yi kyau na 'yan kwanaki, amma an rage wa farcen kauri, kuma layin zai dawo tunda daga tushe yake fitowa. Haka yanke 'yar fatar nan da ke gindin farce: ita ce ke tare datti da ƙwayoyin cuta, a bar ta. Ga kuma haɗarin almakashi ɗaya da ya zaga hannun mutane da yawa, wanda zai iya ɗaukar cutar hanta nau'in B daga wani zuwa wani. Don Allah kowa ya mallaki abin yankan farcensa.

Abin yi mai sauƙi ne. Da dare lokacin kwanciya a samu man zaitun ko man kaɗanya, ko da basilin ne, a mulke farcen da fatar gindinsa sosai. Bayan wanki ma a tsane hannu a shafa. A riƙa yanke farce gajere, an fi jin daɗin yankan bayan wanka lokacin da ya yi laushi. Dama yanke shi yana cikin sunnonin fiɗira, kuma hadisin Anas (RA) da ke Sahih Muslim ya iyakance barinsa da kwana 40. 'Yan uwa mata, jan farce yana ɓoye layin amma yana hana ruwan alwala isa, ruwan goge shi kuma yana ƙara busar da farce. Lalle ba ya hana ruwa.

Sai an yi haƙuri fa. Farcen hannu yana tsirowa kamar milimita 3 ne a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi kusan wata 6. Mai tallan maganin da ya ce zai goge layin cikin sati guda, kuɗinku yake so. Layin shekaru ma ba ya ɓacewa, laushi kawai yake yi.

*Amma ga inda shafa mai ba zai wadatar ba.*

Idan farcen ya yi sirara yana karyewa, ko tsakiyarsa ta loɓa kamar cokali, ga kasala, jiri da haki, ana zargin ƙarancin jini, musamman ga mai ciki, mai jego, ko wadda jinin al'adarta ke zuba da yawa. A je a auna jini tukuna. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, a haɗa da lemo, a kuma jinkirta shayi bayan cin abinci domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Matsalar maƙoƙo da wasu cututtukan fata su ma suna bayyana a farce.

Layin da ya gitta farce daga gefe zuwa gefe kamar rami, shi labarinsa daban. Yana nuna farcen ya tsaya da tsiro na wani lokaci, galibi bayan zazzaɓi mai zafi, rauni, ko ciwon sukari da ba a kula da shi ba. In ya fito a yatsu da yawa, likita ya gani.

Baƙin layi a tsaye kuwa ya zama ruwan dare ga masu baƙar fata, kuma yawanci ba komai ba ne. Amma idan sabo ne a yatsa guda, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya haura kan fatar gefen farce, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nemi likitan fata da wuri, domin akwai nau'in ciwon daji da ke farawa a haka.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.