Roy Campanella, Mai Cafe Ƙwallon da Ya Ja Ragamar Dodgers a Tsugune

Roy Campanella ɗan wasan besbol ne na ƙasar Amurka wanda ya yi wa kulob ɗin Brooklyn Dodgers na birnin New York wasa daga 1948 zuwa 1957. Aikinsa shi ne cafe ƙwallo, kuma masana wasan na sa shi cikin 'yan ƙalilan da suka fi kowa iya wannan aiki. An haife shi ranar 19 ga Nuwamba 1921 a birnin Filadelfiya. Mahaifinsa John asalinsa ɗan Italiya ne, yana sayar da kayan lambu da kifi, mahaifiyarsa Ida kuwa baƙar fata ce. A Amurkar wancan zamani wannan ya isa a ƙidaya yaron cikin baƙaƙe, a kuma rufe masa ƙofar manyan gasannin besbol, waɗanda farare kaɗai ke bugawa.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda wasan yake. Kowane ɓangare na da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili, ya wurgo ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18 da 'yan kai zuwa wajen mai bugu, wanda ke riƙe da sanda. In mai bugu ya same ta, sai ya ruga ya bi ta zango uku ya dawo inda ya taso, a ba ɓangarensa maki ɗaya. Mai cafewa yana tsugune dab da bayan mai bugu, sanye da ragar ƙarfe a fuska, da sulken ƙirji, da makarin ƙwauri, da wata katuwar safar fata a hannu ɗaya. Ƙwallon na iya zuwa da gudun kilomita 150 a awa, kuma a wasa guda yakan cafe fiye da ɗari, yana tsugunawa yana miƙewa. Wata takan goga jikin sanda ta kauce ta daki yatsa ko kafaɗa, wata ta faɗi ƙasa, dole ya tare ta da ƙirjinsa. A zamanin Campanella kuwa wasa 154 kowane kulob ke yi a kaka ɗaya.

Wahalar jiki ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. A cikin mutum taran nan, mai cafewa ne kaɗai ke fuskantar fili gaba ɗaya, don haka shi ke tsara wasa. Kafin kowane jifa yakan sauke yatsunsa tsakanin cinyoyinsa inda abokan hamayya ba za su gani ba: yatsa ɗaya yawanci na nufin jifa mai gudu, biyu na nufin mai lanƙwasa. Sai ya haddace raunin kowane mai bugu, ya san wanda ƙwallon ƙasa ke ruɗawa da wanda ba ya iya ta kusa da jiki. In ya ga mai jifa ya rikice, yakan taka har wajensa ya kwantar masa da hankali. Sannan idan wani ya yi yunƙurin satar zango, wato ya ruga zuwa zango na gaba yayin da ake jifa, mai cafewa zai zabura ya wurga ƙwallo kusan mita 39 cikin daƙiƙa biyu ko makamancin haka don ta riga shi isa.

Campanella ya fara wannan sana'a yana ɗan shekara 15, a 1937, a gasar da baƙaƙe suka kafa wa kansu. Bai jima ba ya bar makaranta ya shiga Elite Giants, kulob ɗin da ya koma birnin Baltimore a 1938. A can ya gamu da Biz Mackey, gogaggen mai cafewa, wanda ya ɗauke shi almajiri ya koya masa sa ƙafa, da tare ƙwallon ƙasa, da jifa cikin hanzari. Rayuwar ta yawo ce cikin bas daga gari zuwa gari, wani lokaci wasa biyu ko uku a rana guda, ga otal-otal da gidajen abinci da ba sa karɓar baƙar fata. Ya kuma buga wa kulob ɗin Monterrey na Meziko a 1942 da 1943.

A ƙarshen 1945 shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya kira shi ya yi masa tayi. Campanella ya ƙi, don ya ɗauka wani sabon kulob na baƙaƙe ake son kafawa. Daga baya ya ji daga bakin wani ɗan wasa baƙar fata, Jackie Robinson, cewa Dodgers ɗin kanta ake nufi, kuma Robinson ya riga ya sa hannu. A 1946 Campanella ya karɓi tayin, duk da albashin bai kai wanda yake samu a da ba, aka tura shi ƙaramin kulob na garin Nashua tare da mai jifa Don Newcombe. Wata rana alƙalin wasa ya kori kocinsu Walter Alston daga fili, sai Alston ya miƙa wa Campanella jagoranci. Ya sa Newcombe ya shiga bugu, Newcombe kuwa ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, suka ci wasan. Ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da baƙar fata ya jagoranci fararen 'yan wasa a tsarin besbol na ƙwararru da farare ke riƙe da shi.

Ya shiga babbar gasa ranar 20 ga Afrilu 1948, shekara guda bayan Robinson ya buɗe wa baƙaƙe ƙofarta. An fi tunawa da Robinson, kuma ya cancanta, domin shi ya sha zagi da barazanar farko. Amma matsayin Campanella na da tasa sarƙaƙiyar. Aikinsa na ba da umarni ne, kuma waɗanda zai umarta yawancinsu farare ne, wasu daga kudancin Amurka inda wariyar launin fata ta zama doka. Da iya aiki ya shawo kansu: mai jifa da ya ga alamar Campanella na fitar da shi kunya ba ya sake musu da ita. Halin Campanella ya bambanta da na Robinson, wanda ba ya shiru in an taka shi. Campanella mai fara'a ne da kauce wa rigima, kuma wannan ya jawo saɓani tsakaninsu a wasu shekaru.

Gajere ne kakkaura, tsayinsa bai wuce santimita 175 ba, amma yana da zafin nama. Cikin masu yunƙurin satar zango a gabansa ya kama kashi 57 cikin ɗari, adadin da ya fi na kowane mai cafewa a tarihin babbar gasar. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na gasar National League sau uku, a 1951 da 1953 da 1955. A 1953 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 41, kuma bugunsa ya kawo maki 142, mafi yawa a gasar a wannan kakar. Abin sha'awa, a ɗaya gefen birnin New York mai cafewar kulob ɗin Yankees, Yogi Berra, shi ma sau uku ya ci irin wannan kambu a tasu gasar. Yankees ɗin ne suka doke Dodgers a jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, wato World Series, a 1949 da 1952 da 1953. Sai a 1955 Dodgers suka rama, suka ci wasa na bakwai da 2 da 0, Johnny Podres na jifa Campanella na ba shi alama. Shi ne kofi ɗaya tak da kulob ɗin ya ɗauka yana unguwar Brooklyn.

Hannayensa ne suka fara gajiya. Ya karya ƙashi a hannun hagu a 1954, bugunsa ya faɗi warwas a wannan shekara, ya farfaɗo a 1955, ya sake ja baya a kaka biyu da suka biyo.

Cikin daren 28 ga Janairu 1958, bayan ya rufe shagonsa na unguwar Harlem, yana tuƙi zuwa gida a Glen Cove, motar ta zame a kan ƙanƙara ta daki turken waya ta kife. Ya karye a ƙasusuwa biyu na wuya, jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Shekarunsa 36. A wannan shekarar Dodgers suka ƙaura zuwa Los Angeles, inda bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba. Bayan doguwar jinya da motsa jiki ya samu ya riƙa ɗaga hannuwansa, har yana ciyar da kansa, amma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Ranar 7 ga Mayu 1959 Dodgers da Yankees suka yi wasan karrama shi a Los Angeles don tara masa kuɗin magani, mutum 93,103 suka halarta. Tsohon kyaftin ɗinsu Pee Wee Reese ya turo shi a keken guragu zuwa tsakiyar fili, aka kashe fitilu, jama'a suka kunna ashana.

Ya rayu shekara 35 bayan haɗarin, kuma bai rabu da wasan ba. A lokacin atisayen share fagen kaka a Vero Beach ta jihar Florida yakan zauna a kekensa yana horar da matasan masu cafewa na Dodgers, ciki har da John Roseboro wanda ya gaje shi, da Mike Scioscia da Mike Piazza daga baya. An shigar da shi zauren gwarazan besbol na Cooperstown a 1969, baƙar fata na biyu bayan Robinson, kuma a 1972 Dodgers suka jingine lambar rigarsa, 39, ba a ƙara ba wa kowa ita ba. Ya koma Kalifoniya a 1978 yana aiki a sashen hulɗa da jama'a na kulob ɗin. Ya rasu a gidansa na Woodland Hills ranar 26 ga Yuni 1993 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 71.