Rikicin Iyaka: Yadda Lungu Da Katanga Ke Raba Maƙwabta

A unguwanninmu, rigimar maƙwabta ba kasafai take farawa da babban abu ba. Wani ya tashi gyaran katanga ya ci taki ɗaya cikin lungu, wani ya karkato indararonsa yana zubar da ruwa jikin bangon maƙwabcinsa, wani kuma ya ajiye mota ya tare hanyar da gida uku ke bi. Kafin a ankara an daina gaisawa, an hana yara wasa tare.

Tushen matsalar yakan kasance tun ranar sayen fili. A wurare da dama da taku ake aunawa, a kafa dutse ko a nuna bishiya a ce nan ce iyaka. Idan bishiyar ta faɗi, shaidu suka rasu, sai magada su tashi kowa da nasa labarin. Shi ya sa awon safiyo yake da muhimmanci: yana binne siminti mai lamba a kowace kusurwa, ya zana taswirar filin.

Me doka ta ce? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke amincewa da tsarin gini, kuma tana iya rushe abin da ya shiga hanya. Ke nan lungun da jama'a ke bi ba na wanda ƙofarsa ta fi kusa ba ne.

Kafin a kai ga kotu, akwai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, ga kuma liman da dattawa. Sulhunsu ya fi sauri da arha, kuma yana barin ƙofar zumunci a buɗe, domin ko wa ya ci shari'a, gobe a masallaci ɗaya za a haɗu.

Ku ɗalibai kuna da rawar takawa. Kada ku ɗauki faɗan manya ku kai shi makaranta ko filin ƙwallo, kada ku tsige alamar iyaka da sunan wasa. Ku taya iyayenku karanta takardun gida, ku ɗauki hotonsu a waya don gudun gobara ko gara. Wata rana ku ne magadan gidajen nan, kuma maƙwabcin da ake jayayya da shi yau shi ne farkon fitowa da bokiti idan wuta ta tashi.