Gwajin Sinadarin Naitret a Ruwan Rijiya: Bayani ga Jama'ar Dingyadi da Kewaye

Muna jawo hankalin jama'ar Dingyadi da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari cewa ruwan rijiya yana iya zama garau amma yana ɗauke da sinadarin naitret, wanda ba shi da launi ko wari. Wannan sinadari yana tsiyaya cikin ƙasa daga takin zamani, da kashin dabbobi, da masai, musamman da damina.

Jarirai ne suka fi shiga haɗari, musamman 'yan ƙasa da wata uku, domin yakan hana jininsu ɗaukar iskar numfashi har leɓɓansu su yi shuɗi. Wani likita a Amurka, Hunter Comly, ya danganta wannan ciwo da ruwan rijiya tun a shekarar 1945. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitret ya wuce miligiram 50 a kowace lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta ɗauki wannan adadi.

Akwai na'urar hannu mai aiki da batir da ke auna shi a bakin rijiya. Tana da sanda mai wani tantani a bakinta. Idan aka tsoma ta cikin ruwa, naitret yakan haifar da ɗan ƙarfin lantarki a jikin tantanin, sai na'urar ta mayar da shi lamba cikin 'yan mintoci.

Muna tunatar da jami'ai abubuwa uku. A daidaita na'urar da ruwan gwaji wanda aka san adadin naitret ɗinsa kafin fara aiki. Ruwa mai gishiri yana iya sa lambar ta haura gaskiya, don haka a tabbatar da sakamakon a ɗakin gwaji. Wasu na'urorin kuma naitrojin kaɗai suke nunawa, a nan iyakar ita ce miligiram 11.

Tafasa ruwa ba ya kawar da naitret, ƙara masa kauri yake yi. Idan rijiya ta wuce iyaka, kada a dama wa jariri komai da ruwanta. A ci gaba da ba shi nono zalla har wata shida. Muna roƙon uwayen ƙasa da masu unguwanni su tabbatar an nisanta masai da turken dabbobi daga rijiya da aƙalla mita 30, su kuma nemi sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya gwada ruwan bayan kowace damina.

Allah Ya kare mana zuriyarmu, amin.