Irin wiwi na gargajiya a ɗakunan Turai: wa yake adana shi, wa yake cin ribarsa?

Tun ranar 1 ga Afrilu, 2024, doka ta ba duk baligi a Jamus damar shuka tushe uku na tabar wiwi a gidansa. Yurugwai ta riga ta tun 2013 da tushe shida, Kanada ta biyo baya a Oktoban 2018 da huɗu, Malta da Luksamburg ma huɗu-huɗu. Da ƙofa ta buɗe, sai kasuwar iri da ta daɗe a ɓoye ta fito fili. A cikin kasuwar akwai wani lungu da ke ƙara jan masu saye, shi ne na irin gargajiya, wanda manoman wani yanki suka gada kaka da kakanni ba tare da an aura shi da baƙo ba. Da sunan mahaifarsa ake tallarsa: Malawi Gold, Swazi Gold, Hindu Kush, Beldiya ta tsaunukan Rif a Maroko. Mai saye yakan tsirar da shi a cikin ɗaki a ƙarƙashin fitila tun sanyi bai wuce ba, ya rene shi makonni, sannan ya fitar da shi lambu. Da yawansu suna cewa ceto suke yi wa irin da ke neman ɓacewa. Wannan iƙirarin ne ya kamata a auna.

Abu na farko da ya jawo wannan yayi shi ne gajiya da irin zamani. A shekarun 1960 da 1970 matasan Turai da Amurka da suka bi hanyar Turkiyya, Iran, Afganistan har zuwa Nepal sun koma gida da iri a aljihu. A Kalifoniya aka aura na Afganistan da na Kolombiya da na Meziko aka samu Skunk, wanda aka kai Holan a shekarun 1980, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa yau yana da jininsa. Abin da masu auren irin suka sa a gaba shi ne saurin nuna, gajarta don ya dace da ɗaki, da ƙarfin bugarwa. Sun kuwa samu. Gwajin wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwar, ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wasu masu sha suka fara neman abin da bai kai haka zafi ba, wasu kuma masu kiwon iri suka ga cewa in tushen ya ƙare, ba su da inda za su koma neman juriyar fari ko ta cuta.

Dalilin fara renon a ɗaki kuwa lissafin rana ne. Yawancin wiwi ba ya fure sai dare ya yi tsawo. A Malawi tsawon yini bai cika wuce awa 11 zuwa 13 ba duk shekara, amma a Balin ta Jamus yinin watan Yuni yana kusan awa 17, ba ya saukowa awa 12 sai ƙarshen Satumba. Irin ƙasashe masu zafi yana iya cin wata uku zuwa huɗu yana fure, alhali a arewacin Turai sanyi mai daskarar da raɓa yakan iso tun bai nuna ba, damshi kuma ya ruɓar da furen. A farkon shekara ma haka ne: masu lambu a Jamus ba sa fitar da shuka mai laushi sai tsakiyar Mayu ta wuce. Manomin Hausa ya san wannan hali a jikin maiwa da dawar kaura, waɗanda ko da wuri aka shuka su ba sa fitar da kai sai yini ya fara raguwa a ƙarshen damina; kai su inda lokacin ruwa ya bambanta, sai su yi kara ba hatsi. Shi ya sa mai renon yake sayen lokaci da wutar lantarki, kuma tsiron da ya tashi bai san iska ko zafin rana ba dole a saba masa da waje a hankali, in ba haka ba ganyen ya ƙone a kwanakin farko.

A nan iƙirarin ceto ya fara rauni. Irin gargajiya ba tushe guda ba ne, jama'a ce ta dubban tsirrai masu bambancin tsawo, ƙanshi da lokacin nuna, maza da mata, iska na ɗaukar ƙurar furen namiji tana kai wa mace a faɗin kwari guda. Wannan bambancin shi ne dukiyar. Mutumin da doka ta iyakance wa tushe uku ba zai iya riƙe ta ba. Yawanci ma yakan tuge mazan don kada furen ya yi 'ya'ya. In kuma ya ajiye iri, daga wanda ya nuna kafin sanyi zai ajiye, wanda ya jure fitila da tukunya. Bayan 'yan shekaru abin da ke hannunsa ya zama irin Jamus mai sunan Malawi. Durban Poison da ake sayarwa a shagunan Amsterdam misali ne: an yi shekaru ana tace shi a Amurka da Holan don saurin nuna, sunan ne kawai ya rage na Afirka ta Kudu. Ban raina aikin 'yan tsirarun da ke haɗa kai su shuka tushe masu yawa su bar maza da mata su gauraya ba, amma su kaɗan ne, kuma ba su ne ke tafiyar da kasuwar ba.

Inda ake asarar ta gaskiya shi ne gonakin asali, kuma Rif ta fi ko'ina nuna haka. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2003 ya ƙiyasta hekta 134,000 na wiwi a arewacin Maroko. A shekarun da suka biyo baya, kamar yadda masu bincike Pierre-Arnaud Chouvy da Kenza Afsahi suka nuna a 2014, irin aure da aka shigo da shi ya ture na gida a yawancin gonaki, domin masu saye a Turai sun fi son hashish (ƙaron wiwi) mai ƙarfi, manomi kuma yana samun yabanya mai yawa. Beldiya da ruwan sama take rayuwa, a shuka ta da wuri a girbe kafin rani ya tsananta. Baƙin iri irin su Khardala da Critical sai da ban-ruwa da taki a tsakiyar zafi, don haka aka yi ta haƙa rijiyoyi da jan ruwan rafuka a yankin da fari ya riga ya gallaba. Ga abin takaici: kasuwar Turai ce ta kori Beldiya daga gonarta, kasuwar Turai ce kuma yanzu ke sayen 'yan ƙwayoyinta da tsada a matsayin kayan tarihi.

Wannan ya kai mu ga batun haƙƙi. Kamfanin Green House na Amsterdam, ƙarƙashin Arjan Roskam, ya yi fina-finai masu suna Strain Hunters inda ma'aikatansa ke zagaya Malawi, Indiya, Maroko da Kwango suna tattara iri. A irin wannan tafiya ce ɗaya daga cikinsu, Franco Loja, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro a Kwango ya rasu a Janairun 2017. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce duk wanda ya ɗauki albarkatun halitta na wata ƙasa ya nemi izini ya kuma raba amfanin. To amma manomin da amfanin gonarsa laifi ne a dokar ƙasarsa, a gaban wace hukuma zai tsaya ya ce irin kakansa ne? A ganina wannan shi ne babban zaluncin da ke cikin lamarin, kuma ba a cika jin sa a tallan masu sayar da iri ba.

Dole a faɗi wani abu kan lafiya, domin ana jingina wa irin gargajiya tsarkin da ba shi da shi. Gaskiya ne binciken da Marta Di Forti ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa masu shan mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali. Amma binciken ya nuna shan kullum kansa, in aka haɗa mai ƙarfi da mara ƙarfi, yana ninka haɗarin kusan sau uku. A Najeriya, inda noma da sha duk laifi ne, wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, kuma hukumar NDLEA tana yawan kama wanda ake kira Loud ana shigo da shi daga Kanada. Ke nan ƙarfin da aka ƙera a ɗakunan Arewacin duniya ya riga ya iso unguwanninmu, na gida kuma bai taɓa zama mara illa ba.

Maroko ta ɗauki wata hanya. Dokar 13-21 ta 2021 ta halatta noman don magani da masana'antu a lardunan Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate, a ƙarƙashin hukumar ANRAC. Girbin farko na halal a 2023 ya ba da tan 294, da irin waje. A 2024 aka shigar da Beldiya cikin tsarin, a watan Agustan shekarar kuma Sarki Muhammad na Shida ya yi wa mutum 4,831 da aka tuhuma ko aka ɗaure kan noman afuwa. Manomin da ba ya gudun jami'an tsaro yana iya ware gona, ya ajiye iri a fili, ya shiga ƙungiya. Matsalar da ta rage ita ce iska. An taɓa gano ƙurar furen wiwin Rif a sararin kudancin Sifen, bayan ta ƙetare teku, gonakin irin aure na bayan fage kuwa har yanzu suna maƙwabtaka da na Beldiya a kwari ɗaya.