Gaba da Ƙawance Tsakanin Kabi da Gwandu

Masu karatun tarihin kwarin Rima da yawa sukan ɗauka cewa rigimar Kabi da Gwandu faɗa ne na gida biyu kaɗai, alhali kuwa idan aka bi al'amarin a natse za a tarar da sarakuna masu yawa a ciki, kowane yana cin gashin kansa, kowane kuma yana auna wanda zai jingina da shi a bana, ko da shi ne wanda ya yaƙa a bara.

A shekarar 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu, bisa jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo, ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, aka naɗa Usman Masa, wanda shi ma jinin sarautar ne, a gurbinsa. Ba a rufa shekara ba sai Usman Masa ya warware mubaya'arsa, ya haɗa kai da Gobirawa da Abzinawa, aka yi karon Alwasa, inda jama'a suka yi hasarar mutane ƙwarai kafin su kafe a Gwandu. Kai, ko gidan jihadin kansa bai tsira daga saɓani ba, domin bayan wafatin Shehu a 1817 an yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja tsakanin Abdullahi da ɗan wansa Muhammadu Bello, sai da yaƙin Kalambaina ya tilasta, Bello ya kawo wa Abdullahi ɗauki, sa'an nan zukata suka sanyaya.

Kabawa ba su saduda ba. An kashe Hodi a 1826, an kashe magajinsa Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame, ya zauna a hannun Sakkwato shekara goma sha takwas. Amma da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi ya sake shi, sai ya komo Argungu a 1849 ya ɗaga tutar tawaye. A nan ne, a ganina, hikimar take, domin Nabame ya san Kabi ita kaɗai ba ta iya ja da daula, saboda haka ya ƙulla amana da Arawa da Dendawa da Zabarmawan Dosso, mutanen da ba harshensu ɗaya ba, ba kuma ƙauna ce ta tara su ba, illa dai kowa yana da abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya: wani haraji ne ya ishe shi, wani kuwa, kamar Zabarmawa, Fulanin Dallol Bosso ne suka tsone masa ido. Babu wanda ya sallama sarautarsa a cikinsu. Sarkin Kabi jagora ne a ranar yaƙi, ba ubangida ba. Ƙasar ma ta taimake su, gama idan damina ta sauka, fadamar Rima ta cika ta batse, doki ba ya da amfani, sai mai kwalekwale da wanda ya san mashigi, Kabawa kuwa 'yan su ne tun kaka da kakanni.

An sha jini ta kowane ɓangare. Nabame ya faɗi a 1854, magajinsa Mainasara a 1859, Sarkin Gwandu Haliru kuma a 1860. Da gajiya ta kama kowa, sai aka yi sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, bisa sharaɗin kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, wanda a haƙiƙa iƙirari ne cewa Kabi ta kuɓuta. Wajen shekara takwas aka yi ana noma da fatauci cikin aminci, har 1875, sa'ad da jayayya a kan garin Fanna ta rushe shi.

Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gadon Kabi a 1883, ya addabi garuruwan iyaka da hari, ya kuma tsare Argungu sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zo mata da runduna ya koma bai ci ba. Da Nasara suka ɓullo, Sama ya yi musu maraba, don ya ga abokin gabar abokin gabarsa. Amma ribar ba ta kai yadda ya zata ba, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta yanke masa Zabarma da yawancin ƙasar Arawa, ƙawayen da aka yi rabin ƙarni ana mutuwa tare da su suka wayi gari a ƙarƙashin wata tuta.

Sai a 1934 wani Sarkin Musulmi, Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga Argungu a matsayin baƙo, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da babban su, daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asalinsa. Da aka ƙirƙiro jiha a 1991, aka sa mata sunan Kebbi, aka kuma ajiye hedikwatarta a tsohon birnin Kabawa, inda fadar Sarkin Gwandu take, shi ne kuwa shugaban majalisar sarakunan da Sarkin Kabin Argungu yake zama a cikinta.